Ƙaron Dakwara da Takardar Doktora

A Dakwaro, idan damina ta ja baya, sanyin hunturu ya fara busowa daga wajen kwarin Tarka, itatuwan dakwara sukan zubar da ganye, ƙaro ya soma tsattsafowa daga ɓawonsu. Yaran makiyaya sukan ɓalle shi su jefa baki, masu wankin hula su jiƙa shi a kwano, malaman allo kuwa su zuba shi cikin tawada. Sunan garin da sunan itacen sun yi kama a kunne, har baƙo yakan tsaya ya sake tambaya. A irin wannan lokaci ne wata budurwa ƴar garin ta komo gida daga Yamai, riƙe da takardar mastar a ilimin sinadarai, da kuma wata wasiƙa cikin wayarta wadda ta kwana bakwai tana hana ta barci.

Wasiƙar ta fito daga hannun wani farfesa na wata jami'ar Turai. Sun yi hira sau biyu ta intanet, ya karanta kundin mastar ɗinta, ya zaɓe ta. Abin da aka yi mata tayi shi ne shekara uku na binciken doktora, da albashi kowane wata, a kan abin da masana ke kira poliyelektrolit, a fannin da ke auna halin sinadarai da ma'aunin fizik. An ba ta wata guda ta amsa.

Mahaifinta dillalin dabbobi ne, mutum mai ƙarancin magana. Shi ya kai ta lakwal da hannunsa, shi ya tare mata surutun dangi sa'ad da ta shiga lise, ya sake tare shi sa'ad da ta tafi jami'a. Wannan karon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce: «Ɗiyata, Yamai na san hanyarta. Bayan teku kuwa ya fi ƙarfina. Ki je wurin Malam. Abin da ya ce, shi ke nan.» Mahaifiyarta ba ta ce komai ba a gabansa, amma lissafinta a bayyane yake. Yarinya ta kai shekara 26, sa'o'inta suna da ƴaƴa uku ko huɗu, akwai kuma wanda ya riga ya aiko da manyansa yana jira. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 sun yi aure kafin su cika shekara 18, uwar da ke irin wannan lissafi ba baƙuwa ba ce, kuma ba mugunta ta sa ta ba. Tsoronta ɗaya ne: wanda ya tafi da nisa yakan dawo baƙo, in ma ya dawo.

Malam, wato kakanta na wajen uba, ya haura tamanin. Har yanzu yana da almajirai a zaure, har yanzu shi ke haɗa tawadarsa. Ya saurare ta yana fere alƙalami, da ta gama ya yi dariya ya ce: «Amaryata, za ki gudu ki bar ni ke nan? To, ban hana ba, ban kuma yarda ba. Gaya mini abin da za ki je nema, da Hausa, yadda zan gane. In na gane, na sa albarka.»

Ta ɗauka abu ne mai sauƙi. Ta buɗe baki, sai kalmomin faransanci suka yi ta zubowa, tana maƙala musu «wato» da «kamar» a tsakani. Ta yi shekara biyar tana cin jarrabawa da waɗannan kalmomi, amma a zauren kakanta ko ɗaya ba ta tsaya da ƙafarta ba. Malam ya bar ta har ta yi shiru don kanta, sannan ya ce a hankali: «Je ki, ki dawo. Wanda ya san hanyar rijiya yana iya kwatanta ta ga makaho.»

Duk malamin da ya taɓa tsayuwa gaban allo a ƙasar nan ya san wannan shirun. Ana samun ɗalibi mai haddace ma'anar abu layi-layi, ya samu maki mai kyau, amma in uwarsa ta tambaye shi abin da ya koyo yau sai ya ce ba ya faɗuwa da Hausa. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka tana ba harshe matsayi. Kalmomin da zai ɗauki ilimin sinadarai da su kuwa sai wani ya zauna ya sassaƙa su, ya gwada su a kunnen mutane, ya jefar da waɗanda suka ƙi zama. Budurwar nan ta samu kanta cikin wannan aiki ba da shiri ba, kuma makomarta ta rataya a kansa.

Mafita ta zo mata daga madafa. Washegari tana taya Inna girki, ta ga ta jefa ɗan gutsuren kanwa cikin miyar kuɓewa. Ta tambaye ta dalili, ko da yake tun tana yarinya take ganin haka. Inna ta ce: «Don ta yi yauƙi mana. Ke da karatunki ba ki san tsami ke kashe yauƙi, kanwa ke tashe shi ba?» Yarinyar ta tsaya da muciya a hannu. Abin da ta kasa faɗi jiya, ga shi yana tafasa cikin tukunya.

Da dare ta koma zaure da bayaninta. Ta ce wa Malam akwai abubuwa da yawa a duniya waɗanda, in da ido zai iya ganin ƙanƙantarsu, da an tarar dogayen sarƙoƙi ne, ƙwaya ɗaya tana bin ɗaya har dubbai, kamar carbin da ba a ga ƙarshensa. Auduga haka take, da sitacin gero, da roba, da ledar kasuwa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger ne ya dage a kan haka tun 1920, abokan aikinsa suka daɗe suna musanta shi, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. A cikin waɗannan sarƙoƙi akwai wani jinsi wanda, in ya shiga ruwa, ƙwayoyinsa sukan ɗauki caji irin na batirin cocila. Batir yana da kai biyu, na alamar tarawa da na alamar ɗebewa. Masu alama ɗaya suna ture juna, masu alama dabam suna jan juna. Sarƙar da ƙwayoyinta duka suke da caji iri ɗaya ba ta iya naɗewa, don kowace ƙwaya tana gudun ƴar'uwarta, sai ta miƙe, ta kama ruwa mai yawa, ta sa shi kauri. Yauƙin kuɓewa irin wannan sarƙa ce. Kanwa tana buɗe cajinta, tsami yana rufe shi, wannan yana cikin dalilan abin da Inna ke gani a tukunya. Gishiri mai yawa kuma yana cika ruwa da ƴan ƙwayoyi masu caji, su shiga tsakani kamar masu rabon faɗa, har ƙwayoyin sarƙar su daina jin juna, ta lanƙwashe. Peter Debye da Erich Hückel suka fitar da lissafin wannan shiga tsakani a 1923. Shi ya sa garin da ke cikin ƙunzugun jarirai na zamani yake shan ruwa mai tsabta ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, amma in ruwan da gishiri sai ya sha kaɗan daga cikin haka. Ta ce sunan da ta ga ya dace da su shi ne sarƙa mai caji.

Malam ya gyaɗa kai, ya ce miya ta mata ce, a kawo masa abin da ya shafe shi. Ta roƙi gawayin da yake dakawa, da ɗan ƙaro. Ta zuba garin gawayi cikin kofin shayi biyu da ruwa, ta sa ƙaro a ɗaya, ta bar ɗaya haka nan, ta ajiye su a kan taga. Da safe kofin da babu ƙaro ya rabu biyu, baƙi a ƙasa, ruwa a sama. Mai ƙaro yana nan baƙi ƙirin.

«Wannan tun ina almajiri na san shi,» in ji Malam. «Dalilin ne ban sani ba.»

Ta ce ƙwayoyin gawayi suna son manne wa juna, in sun dunƙule sai su yi nauyi su nutse. Ƙaro yana naɗe kowace ƙwaya da riga, riga mai kauri kuma mai cajin ɗebewa, saboda haka biyu ba sa iya haɗuwa. Ta ba shi labarin Pierre-Gilles de Gennes, Bafaranshen da ya samu kyautar Nobel ta fizik a 1991, wanda bayan kyautar ya yi ta zagaya makarantun lise yana yi wa yara bayani, har aka tara jawabansa cikin littafin Les objets fragiles a 1994. Babi guda a ciki a kan marubutan tsohuwar Masar ne, da yadda ɗan ƙaro kaɗan ya sa tawadarsu ta daina kwantawa. Ta ƙara da cewa sarƙar ƙaro ba miƙaƙƙiya ba ce, reshe ne a kan reshe, an gina ta da sukari iri huɗu, ɗaya daga cikinsu ne ke ɗauke da cajin, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na ƙaron yana haɗe da furotin mai yawa, wannan ɗan kashin ne ke yin mafi yawan aikin riƙe mai cikin ruwa. Malam ya ce: «Reshe kan reshe, ga kuma abin da ke hana a taɓa shi. Ashe uwarsa ya biyo.»

Daga nan hira ta buɗe, ta ɗauki dare uku. Ta gaya masa cewa a 1929 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Bungenberg de Jong da Kruyt, sun bayyana abin da ke faruwa in an gauraya ƙaro da jelatin, wanda ke ɗaukar cajin tarawa a ruwa mai ɗan tsami: sarƙoƙin biyu sukan rungumi juna, su ware kansu cikin ɗigo-ɗigo masu kauri. Da wannan dabara kamfanin NCR na Amurka ya ƙera, a shekarun 1950, takardar rasit mai fitar da kwafi ba tare da baƙar takarda a tsakani ba. Ta gaya masa cewa abin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa ƴaƴa, wanda ake kira ADN, shi ma sarƙa ce mai caji, tsawonta ya kai wajen mita 2 a cikin ƙwaya guda ta jikin mutum, kuma ba ta naɗuwa ta shiga wurinta sai da taimakon furotin masu kishiyar cajinta.

Ta kawo zancen ruwa, wanda a ƙasar Dakwaro ba ya bukatar gabatarwa. Rijiyoyi suna da zurfi, kuma a ƙauyuka da rugage da yawa ruwan tabki ake sha muddin yana nan. Laka ba ta kwantawa da wuri cikin ruwan tabki saboda ƙwayoyinta duka cajin ɗebewa gare su. Alif, wanda wasu ke kira alam, yana kashe wannan caji. Ƙwayar zogale, irin wanda ake nomawa a Jiratawa, ita ma tana yin haka, don akwai furotin mai cajin tarawa a cikinta. Samia Al Azharia Jahn ta rubuta yadda matan ƙauyukan Sudan ke tace ruwan kogin Nilu da ita tun wajen 1980, a 1995 kuma Anselme Ndabigengesere da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa furotin ɗin ne ke aikin. Amma ta gargaɗe shi cewa ruwan da ya yi garau ba lalle ya zama lafiyayye ba. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta, ba ya ƙare su. Akwai kuma gubar da ido ba ya gani. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda a wajen shekarar 2000 aka gane cewa ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuluwor, wanda ya zarce miligiram 1,5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, ya ɓata haƙora ya kuma tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Cikin hanyoyin da ake cire irin wannan guba akwai ƴan ƙwayoyin roba masu kama wani sinadari su saki wani, su ma sarƙa mai caji ce.

A dare na uku Malam ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: «In an san duk wannan, me ya rage da za ki ɓata shekara uku a kansa?»

A nan ne ta gane cewa ma'anar doktora yake tambaya. Ta ce karatun da ta yi zuwa yanzu na abin da wasu suka gano ne. Wannan kuwa zama ne a bakin abin da ba a gano ba, har mutum ya ƙara taƙi ɗaya. A 1969 Gerald Manning ya nuna cewa in cajin da ke jikin sarƙa suka matsu, tazararsu ta gaza nanomita 0,7 a cikin ruwa, ƴan ƙwayoyin da ke yawo sukan zo su lafe a jikinta su rage mata ƙarfi. Nanomita kuwa, in aka raba milimita gida miliyan, kashi ɗaya ne. Lissafinsa ya yi kyau ga sarƙa miƙaƙƙiya da gishiri irin na miya. Amma in ƙwayoyin ruwan masu caji biyu ne ko uku, irin na farar ƙasa ko ƙarfe, ko kuma sarƙar mai rassa ce kamar ƙaro, al'amarin yakan rikice, har akan ga sarƙoƙi masu caji iri ɗaya suna jan juna, masana kuma har yanzu suna gardama a kan cikakken bayanin.

Malam ya ajiye alƙalami. Ya ce shi ruwan sama yake tarawa a randa don tawada, don ya lura cewa na wasu rijiyoyi yana tsinke ta. Ya ce ƙaron dakwarar jigawa dabam yake da na fadama, na tsohon itace dabam da na sabo, na farkon sanyi dabam da na bazara, kuma da harshensa yake bambanta su. Ya tambaye ta ko farfesan nata ya san wannan. Ta ce an san ƙaro yana sauyawa da ƙasa da shekarun itace, amma ita ba ta taɓa cin karo da wanda ya auna na Dakwaro da ruwan rijiyoyin Dakwaro ba. Ya ce: «To, a zauna nan a auna mana.» Ta ce wani sashe yana yiwuwa a nan, kamar auna kauri da tsami da yawan gishiri. Amma ganin siffar sarƙar kanta yana bukatar na'urorin da ke harba haske ko nutron cikin ruwa. Habauka Kwaambwa, masani ɗan kudancin Afirka, sai da ya haɗa kai da Adrian Rennie na jami'ar Upsala ta Suwidin, suka kai furotin ɗin zogale cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble, kafin su ga yadda yake manne wa abu. Sun buga sakamakon a 2010. Babbar na'urar hasken da ake kira sinkurotron kuwa, babu ko ɗaya a nahiyar Afirka.

Tsohon ya yi shiru mai tsawo. Da ya yi magana, ba a kanta ya fara ba. Ya ce tun yana yaro yake ganin ana tara ƙaro a buhu ana tafiya da shi, bai taɓa ganin abin da ya dawo ba. Tarihi yana bayansa. Ƙaro yana cikin manyan dalilan da suka sa Ingilishi suka ƙwace Saint-Louis na Senegal daga hannun Faransawa a 1758. A zamaninmu Sudan ce ta daɗe tana kan gaba wajen fitar da ɗanyensa, Cadi da Nijeriya na biye, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya nuna yadda masu lemon kwalba da alewa da magani suka dogara da shi. A Nijar, gabas ce ta yi suna da shi, wajen Gure da Maine-Sorowa, kafin farin 1973 da na 1984 su karya itatuwa da yawa. Amma manyan masu sarrafa shi, irin Nexira da Alland & Robert, a Normandi ta Faransa suke. Can ake tace shi, a busar, a auna halinsa, a maƙala masa lamba E414, ya dawo mana cikin kwalba. Riba tana wurin wanda ya san halin abu ya kuma iya ba da tabbaci a kansa. Malam bai san sunayen nan ba, amma ya san ƙarshen zancen. Ya ce: «Ina tsoron kada ke ma ki zama ƙaro.»

Ta amsa masa da mutum biyu na jiharsu. Abdu Mumuni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun fizik a Faransa, ya koyar a Senegal da Gine da Mali, ya dawo gida a 1969 ya riƙe ofishin makamashin rana, ya yi ta ƙera na'urorin da ke aiki da zafin ranar Sahel har ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. A littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya kare koyarwa cikin harsunan Afirka. Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan Maraɗi, masanin sinadarai ne, ya yi ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da faransanci daga 1974 zuwa 1982. Jami'ar Maraɗi da aka kafa a 2010 sunansa take ɗauke da shi. Malam ya ce ya ji, amma biyu ne ta ƙirga, waɗanda ba su dawo ba kuwa ba ta ƙirga su ba. Ba ta musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Ya kamata malamai su san hanyoyin da irin wannan yarinya ke bi, don daga ajinsu take fitowa. Tsarin jami'a yanzu hawa uku ne: lisansi shekara uku, mastar biyu, doktora uku. A cikin gida akwai makarantun doktora, akwai hukumar ANAB mai kula da tallafin karatu, akwai kuma ƙungiyar masana sinadarai ta Afirka ta Yamma, SOACHIM, wadda a tarukanta na shekara-shekara ɗalibi kan haɗu da wanda zai jagorance shi. A maƙwabta, asusun RSIF, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ta karɓi tafiyar da shi a 2018, ya ɗauki nauyin masu doktora a jami'o'in Afirka, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka da ke Abuja. Cibiyar TWAS da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1983 ta daɗe tana tura ɗaliban ƙasashe masu tasowa zuwa ɗakunan bincike na Indiya da Sin da sauransu, ƙungiyar OWSD kuma ta tallafa wa ɗaruruwan mata. A Turai, guraben Marie Skłodowska-Curie a buɗe suke ga ɗan kowace ƙasa, muddin bai zauna a ƙasar da za ta karɓe shi fiye da wata 12 cikin shekara ukun da suka gabata ba. Tsohuwar hanyar Faransa ta ƙuntata bayan 26 ga Yuli 2023, an rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, saboda haka ingilishi ya zama guzurin da ba a tafiya ba shi. Abin da masu zaɓe ke dubawa sananne ne: kundin mastar da ɗalibi ya yi da hannunsa, ƙarfinsa a lissafi, shaidar malamai biyu, da wasiƙar da ke nuna yana da tambaya tasa ta kansa. Akwai kuma tsarin jagoranci biyu, inda jami'ar gida da ta waje suke raba ɗalibi, ya yi wata shida can wata shida nan. Wannan tsari ya fi kowane riƙe igiyar dawowa.

A wannan tsari ta samu abin da za ta kai wa Malam. Batun da farfesan ya tsara a kan sarƙoƙin da ake ƙerawa a ɗakin gwaji ne, masu tsabta, masu sauƙin lissafi, kuma kuɗin aikin a kansu aka bayar. Ta zauna ta rubuta masa wasiƙa, hannunta na rawa, don ta san mai neman alfarma ba ya cika kafa sharaɗi, kuma akwai wasu a bayanta masu jiran gurbin. Ta roƙi a ƙara sashe guda a kan ƙaron dakwara da ruwan rijiyoyin yankinsu, a kuma sa wani malamin jami'a na gida cikin masu jagorancinta. Kwana tara ba amsa. Inna ta fara sakin fuska.

A rana ta goma amsa ta zo, rabi da rabi. Shekara biyun farko a kan batunsu za ta yi. Ta uku an yarda ta gwada abin da ta koya a kan ƙaro, in sakamakon farko ya yi kyau, in kuma ta samo izinin fitar da samfur bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ba kowace ƙasa iko a kan albarkatun halittunta. Maganar malamin gida kuwa, an ce za a duba.

Ta fassara wa Malam wasiƙar kalma-kalma, ba ta ƙara gishiri ba. Ya ce alkawarin «za a duba» ya san irinsa. Sannan ya kira wani almajiri ya ɗauko masa wata tsohuwar jaka. Ƙulli huɗu ne a ciki, kowanne da rubutun ajami a jikin tsumman: inda aka ɗebo ƙaron, irin ƙasar wurin, da watan da aka ɓalle shi. Ya ce ba zai ba ta su yanzu ba, sai ta zo da takardar izinin da ta ambata, kuma da ƙafarta za ta zo karɓa. Ya kafa mata sharaɗi na biyu: duk abin da ta rubuta wa Turawa, ta rubuta shafi guda da Hausa ta aiko, a karanta masa a zaure, in bai gane ba ta sake. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, mahaifinta ya shafa. Inna tana bayan zana, ba a ji amin ɗinta ba sai can daga baya.

Wanda ya aiko da manyansa ya ce zai yi shawara. Takardar biza tana gaba, da tafiyar da za a yi nemanta. Kafin ta bar gari wani tsohon mushenta ya gayyace ta ajin ƙarshe na lise. Ta je da kofin shayi biyu, da garin gawayi, da ɗan ƙaro a leda. Ta yi rabin sa'a da faransanci, rabin sa'a da Hausa. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce ita «sarƙa» ba ta kwanta mata ba, tunda sarƙa ba ta da rassa, me zai hana a ce «saiwa mai caji» in ana zancen ƙaro? Baƙuwar ta ɗauki alli ta rubuta kalmomin biyu a allo, ta ce a bar su nan har wani ya kawo wadda ta fi.

Ƙullin nan huɗu suna rataye a zauren Malam, kusa da kurtun tawada. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo da ita ta same shi da rai.